Ma'aunan Zaɓen Kayan Fasahar Koyarwa a Jami'a: Tsokaci Daga Ajin Hausa

1.0 Gabatarwa

Tun daga watan Maris na shekarar 2020, lokacin da annobar korona ta tilasta rufe makarantu, batun koyarwa ta hanyar kwamfuta da intanet ya tashi daga matsayin kwalliya ya koma abin da kowace jami'a take jin dole ta nuna tana yi. Jami'o'in gwamnati da yawa ba su samu damar gwada komai ba a wancan lokaci, domin rufewar ta haɗu da yajin aikin ƙungiyar malaman jami'o'i wanda ya kai har watan Disamba na wannan shekarar. Da aka dawo, sai aka shiga sayayya. Aka sayi majigi da allunan zamani, aka biya lasin dandalin koyarwa, aka shirya wa malamai bita ta kwana biyu ko uku. Wannan takarda ba ta musun amfanin waɗannan kaya. Abin da ta sa a gaba shi ne ma'aunin da ake bi wajen zaɓen su, kuma za mu auna shi da abin da malamin Hausa yake buƙata a ajinsa.

Kafin mu yi nisa, ya kamata mu warware wani rikici na kalma. A yau ana kiran tsarin karatu manhaja, ana kuma kiran abin da ake ɗora wa waya ko kwamfuta manhaja. A nan mun bar wa tsarin karatu sunansa na asali, wato manhaja, ɗaya kuwa za mu riƙa kiran sa masarrafa.

2.0 Ma'aunan da Masana Suka Gindaya

Ma'aunin da ya fi shahara a wannan fage shi ne wanda Tony Bates da Gary Poole suka gabatar a shekarar 2003, wanda kuma Bates ya sabunta a littafinsa na 2015. Ya ƙunshi tambayoyi takwas. A sigarsa ta baya-bayan nan ana tambaya a kan ɗalibai, da sauƙin sarrafa kayan, da kuɗin da zai ci, da aikin koyarwar da zai yi, da irin mu'amalar da zai haifar tsakanin malami da ɗalibi, da shirin hukumar makaranta, da damar haɗuwa da masana na waje, sai kuma tsaro da sirrin bayanai. Babu mai hankalin da zai ce ɗaya daga cikin waɗannan ba ta da muhimmanci. Hasali ma, sanya ɗalibi a farkon jerin abin a yaba ne.

Inda gizo ke saƙar shi ne yadda ake amfani da irin wannan jeri idan ya shiga hannun kwamiti. Sai a zana jadawali, a ba kowace tambaya maki goma, a tara, wanda ya fi yawan maki shi ya ci. Shi kansa Bates bai ce a mayar da tambayoyinsa lissafi ba, amma haka takardar kwamiti take so, domin lamba ta fi sauƙin karewa a gaban masu binciken kuɗi. Sakamakon haka, masarrafa tana iya cin tambayoyi bakwai ta faɗi ɗaya, a ce ta yi nasara, alhali ɗayar da ta faɗi ita ce ko za ta iya ɗaukar darasin da aka saye ta dominsa. A ganinmu akwai abin da ake ba maki, akwai kuma abin da yake sharaɗi ne. Araha da kyan fuska da saurin buɗewa duk na maki ne. Iya rubuta harshen da ake koyarwa da iya jiyar da shi kuwa sharaɗi ne, wanda duk ya gaza a nan bai kamata ma a shigar da shi jadawalin ba.

A shekarar 1983 Richard Clark ya yi wata magana da ta daɗe ana muhawara a kanta, inda ya kamanta kafofin koyarwa da motar da ke kai kayan abinci, ya ce motar ba ta ƙara wa abincin gina jiki. Robert Kozma ya ƙalubalance shi a farkon shekarun 1990. Mu dai za mu iya karɓar misalin Clark yadda yake, mu ƙara masa abu guda: motar ba ta ƙara komai, amma tana iya zubar da kaya a hanya. Wanda aka aika ɗibar ruwa da kwando ba zai amfana da labarin cewa kwandon sabo ne ba. Masanan da muka ambata sun yi rubutunsu ne a inda ba a taɓa shakkar cewa na'ura za ta iya rubuta harshen koyarwa ba, saboda haka wannan tambaya ba ta fito fili a jerinsu ba. Mu kuwa a wurinmu ita ce ta farko.

3.0 Haruffa Masu Ƙugiya

Daidaitacciyar Hausa tana da ɓ da ɗ da ƙ, sai kuma 'y wadda ake rubutawa ƴ a Jamhuriyar Nijar. Waɗannan ba ado ba ne. Su suka raba ƙasa da kasa, da ɓata da bata, da ɗaki da daki, da ƙafa da kafa. A shekarun 1990, lokacin da kwamfuta ta fara shiga ofisoshinmu, an magance matsalar ta hanyar ƙirƙiro samfuran haruffa na musamman, kamar Rabi'at da Abdalla waɗanda Farfesa Abdalla Uba Adamu ya samar. Aiki ne da ya ceci ɗab'in Hausa a zamaninsa. Dabarar irin waɗannan samfura ita ce a ari gurbin wani harafi ko wata alama da Hausa ba ta amfani da ita, a zana harafi mai ƙugiya a wurin. A ido ƙ ake gani, amma abin da kwamfuta ta adana q ne ko wata baka. Shi ya sa har gobe ake cin karo da maƙalu a intanet inda aka rubuta qasa da xaya da vata, ko kuma aka ga baka da wasu alamomi a tsakiyar kalma.

Tsarin Unicode ya kawar da buƙatar wannan aro, domin ya ba kowane harafi mai ƙugiya, babba da ƙarami, lambarsa ta kansa. Akwai kuma samfuran haruffa na kyauta irin su Charis da Andika na ƙungiyar SIL, da masarrafar Keyman ta shigar da rubutu, kuma allon rubutu na Gboard a wayoyin Android yana da Hausa. Ke nan a fasahance an gama da matsalar. Amma a aikace ba a gama ba, saboda dalilai guda biyu da kwamitin zaɓe ba ya dubawa.

Na farko, tarin laccoci da kundayen digiri da tambayoyin jarrabawa na shekaru ashirin ko fiye suna nan a tsohon tsari. Ranar da malami ya kwafe su ya liƙa a dandalin koyarwa, ƙugiyoyin za su zube, ɗalibi ya karanta abin da ba a rubuta ba. Sauya su ba abu ne mai wuya ba, amma aiki ne mai cin lokaci, kuma ba mu saba ganin an ware masa ko sisi a kasafin sayen dandali ba. An yi kitso da kwarkwata ke nan.

Na biyu ya fi wannan haɗari, domin ya shafi makin ɗalibi. Tun da hukumar JAMB ta koma jarrabawa ta kwamfuta gaba ɗaya a 2015, jami'o'i suka bi sahu, musamman a kwasa-kwasan da ke da ɗalibai masu yawa. A tambayar cike gurbi, na'ura tana kwatanta abin da ɗalibi ya rubuta da amsar da aka adana mata, harafi da harafi. Idan amsar ita ce ƙaulin Sibawaihi ko ɗafi ko ɓurma, kuma kwamfutocin ɗakin jarrabawa ba su da hanyar shigar da ƙugiya, to ɗaya daga cikin biyu za a yi. Ko dai a kayar da ɗalibin da ya san amsa, ko kuma malami ya umarci na'ura ta karɓi dafi a madadin ɗafi. Malamai masu tausayi na biyun suke zaɓa, kuma ba mu ga laifinsu ba. Sai dai a lura da abin da ya faru: kwas ɗin ƙa'idojin rubutu ya koma yana ba da maki a kan karya ƙa'idar rubutu. Mafita ta uku, wadda aka fi bi, ita ce a watsar da cike gurbi a koma zaɓi ɗaya cikin huɗu. Ta haka na'ura ta sauya abin da manhaja take aunawa ba tare da an kai maganar gaban kowane kwamitin manhaja ba.

Haka abin yake ga masarrafan gano satar fasaha. Aikinsu shi ne kwatanta jerin kalmomi da abin da ke rumbunsu. Kundin da aka buga da tsohon samfuri da wanda aka buga da Unicode za su sha bamban a duk kalmar da ke da ƙugiya, ko da ɗaya kwafin ɗaya ne. Ga shi kuma kundayen Hausa masu yawa a takarda kawai suke, a kan kantocin ɗakunan karatu na sassa, ba su taɓa shiga wani rumbu ba. Saboda haka ƙaramin kaso a rahoton na'ura ba shaidar tsarki ba ne, mai duba kundi da ya san fagensa shi ne dai madogara.

4.0 Abin da Rubutu Ba Ya Nunawa

Rubutun Hausa na yau da kullum ba ya nuna karin sauti, ba ya kuma nuna tsawon wasali. Gari na zama da gari na tuwo rubutunsu ɗaya, tsawon wasalin farko ya raba su. Kuka na hawaye da kuka ta miya karin sauti ya raba su. Jumlar da aka rubuta "ya tafi" tana iya zama labarin abin da ya wuce, tana iya zama umarni, tana iya zama hasashen abin da zai faru, gwargwadon tsawo da karin da aka ɗora wa "ya". Ɗan asalin harshe yana cike wannan giɓi da kunnensa ba tare da ya sani ba. Mai koyon Hausa a matsayin harshe na biyu, kamar ɗalibanmu na kudancin ƙasar nan, ba shi da wannan gata. Shi kuma ɗalibin ilimin harsuna, ko da Bahaushe ne, sai an koya masa ya ji abin da bakinsa yake yi.

Wannan ya nuna cewa a kwasa-kwasan furuci da tsarin sauti, da na Hausa ga baƙi, sauti shi ne darasin kansa. Tambayar da ta dace a yi wa kowane dandali ita ce: malami zai iya ɗora murya kusa da rubutu? Ɗalibi zai iya naɗar tasa ya mayar? Za a iya ɗora alamar karin ƙasa ko faɗau a kan wasali ta zauna daidai, ba ta zame gefe ba? Abin mamaki shi ne kayan da suka fi biyan wannan buƙata kyauta ne. Praat, wadda Paul Boersma da David Weenink suka samar a Jami'ar Amsterdam, tana zana hawa da saukar murya, ɗalibi ya ga bambancin kuka da kuka da idonsa, ya kuma auna tsawon wasali. ELAN ta Cibiyar Max Planck da ke Nijmegen tana ba da damar jera rubutu a ƙarƙashin sauti ko bidiyo daƙiƙa da daƙiƙa, wanda ya sa ta dace da nazarin waƙar baka, inda ake son a ga inda Shata ya ajiye ɗango da inda 'yan amshi suka karɓa. Audacity kuma ta isa yanka da gyaran sauti. Ba ɗaya daga cikinsu da ke buƙatar intanet bayan an sauke ta.

To me ya sa ba a cika jin sunayensu a takardun neman kuɗi ba? Muna jin amsar ba boyayya ba ce. Abin da ba a saya ba shi da rasit, ba a ƙaddamar da shi, ba a ɗaukar hotonsa. Abin da suke buƙata shi ne makirfo mai kyau, da ɗaki marar hayaniya, da malamin da aka ba lokaci ya koya, kuma waɗannan ba su da kwarjinin allon zamani.

Ajami ma yana cikin manhaja, kuma nan ne dandali da yawa suke tuntuɓe, musamman idan aka haɗa rubutun dama da na hagu a layi guda. Akwai samfurin Alkalami na SIL wanda aka tsara bisa salon rubutun Kano, sai dai dole a gwada ko dandalin zai yarda a ɗora masa shi. In bai yarda ba, hoton shafi mai kyau ya fi rubutun da ya wargaje.

5.0 Kuɗi, da Wanda Yake Biya

Ma'aunin Bates ya ambaci kuɗi, amma a hannun kwamiti kuɗi yana nufin abin da jami'a za ta fitar. Abin da ɗalibi zai fitar ba ya shiga lissafi, alhali shi ne mai yawa. Bari mu yi ɗan lissafi. Bidiyon da ke cin megabit 1 a daƙiƙa zai ci megabait 450 a awa guda. Muryar da aka matse zuwa kilobit 16 a daƙiƙa za ta ci kimanin megabait 7 a awa guda. Idan muka ƙaddara ɗalibi yana da awa 16 na lacca a mako, ta bidiyo zai ƙone sama da gigabait 7, ta murya kuwa bai kai megabait 120 ba. A watan Janairu na 2025 hukumar sadarwa ta ƙasa ta amince wa kamfanoni ƙarin farashi har kashi 50 cikin ɗari. Duk wanda ya zaɓi laccar bidiyo kai tsaye a matsayin hanyar koyarwa ta yau da kullum ya zaɓi ɗaliban da za su halarta, ko ya sani ko bai sani ba.

Wannan ne ya sa muke ganin an yi wa WhatsApp rashin adalci ta fuska guda, an kuma yi masa sassauci ta wata fuskar. Malamai sun rungume shi ne saboda yana kan wayar kowa, yana ɗaukar murya, yana haƙuri da raunin sabis. Waɗannan dalilai ne na ilimi, ba lalaci ba ne. Amma ba ya adana darasi a tsare, yana tona lambar wayar kowace ɗaliba ga duk ajin, kuma matsewar da yake yi wa murya ta sa bai dace da awon furuci ba. Tun da aka sa hannu a dokar kare bayanan jama'a a watan Yuni na 2023, batun lambobin waya da sakamakon jarrabawa ya wuce a bar shi ga ganin damar wakilin aji.

Ta ɓangaren jami'a kuwa, lasin da ake biya da dala bashi ne da ba a san adadinsa ba. Kafin watan Yuni na 2023 dala tana wajen naira 460 a farashin hukuma, a farkon 2024 ta haura 1,500. Moodle, wanda Martin Dougiamas ya fitar a 2002, ba a biyan lasinsa, amma kada a ruɗu, yana buƙatar uwar garke da wutar da ba ta yankewa da ma'aikacin da ya san shi. Akwai kuma tambayar da ba a son yi a ranar ƙaddamarwa: idan kamfanin ya rufe fa? Edmodo, da malamai da yawa suka zuba darussansu a ciki, ya rufe a watan Satumba na 2022. Skype ma an yi sallama da shi a watan Mayu na 2025. Saboda haka ikon kwashe darussa da muryoyi da makin ɗalibai a fita da su cikin sigar da wata masarrafa za ta iya buɗewa shi ma sharaɗi ne.

6.0 Ƙirƙirarriyar Basira

Google Translate ya shigar da Hausa a ƙarshen 2013, ChatGPT kuma ya bayyana a watan Nuwamba na 2022. Ba jami'a ce ta zaɓe su ba, ɗalibai ne suka shigo da su a aljihu. Hausarsu tana inganta, amma sau da yawa ƙirar jumlar ta Ingilishi ce aka sa mata riga, kuma suna iya ƙaga karin magana ko baitin waƙa su jingina wa mawaƙin da bai taɓa yin sa ba. Haramta su a kwas ɗin fassara ba zai yi aiki ba. Abin da ya fi shi ne a kawo fassarar na'ura aji, a sa ɗalibai su tsefe ta, su nuna inda ta kauce da dalilin kaucewar, suna kafa hujja da ƙamusun Bargery na 1934 ko Ƙamusun Hausa na Jami'ar Bayero na 2006. Wannan aiki yana auna abin da kwas ɗin yake son aunawa fiye da aikin gida da ba a san wanda ya yi shi ba.

7.0 Wa Ya Kamata Ya Zaɓa?

A watan Disamba na 2022 Hukumar Kula da Jami'o'i ta Ƙasa ta ƙaddamar da sabuwar manhajar CCMAS, wadda ta tanadi kashi 70 cikin ɗari na kwasa-kwasai, ta bar wa kowace jami'a kashi 30. Manhajar ta bayyana abin da ake son ɗalibi ya iya a ƙarshen kowane kwas. Daga nan ya kamata zaɓe ya taso. A ɗauki kwas, a karanta abin da aka ce ɗalibi zai iya, a tambayi malamin kwas ɗin abin da yake hana ɗalibansa iyawa, sannan a nemi kayan da zai cire wannan cikas. Abin da aka saba shi ne akasin haka: sashen fasahar sadarwa da ofishin sayayya su zaɓa, sannan a kira malamai bita a nuna musu inda za su latsa. Idan daga baya dandalin ya zama kufai, sai a ce malamai ba sa son ci gaba. An bar jaki ana dukan taiki.

Ba muna cewa kowane sashe ya sayi dandalinsa ba. Jami'a tana buƙatar dandali guda domin rajista da adana maki, kuma ɗalibin da ke ɗaukar kwas a tsangayoyi uku bai kamata a ɗora masa kalmomin sirri uku ba. Abin da muke nema shi ne sassan harsuna su samu kujera a kwamitin, da ikon cewa a'a kafin a sa hannu. Abokan aikinmu na Yarabanci da Ibo suna da irin wannan damuwa game da ɗigon ƙarƙashin harafi da alamun karin sauti, na Larabci kuma game da rubutun dama, don haka murya ɗaya za a yi.

Gwajin da muke ba da shawara ba ya cin fiye da yini guda. A shirya shafi ɗaya mai ɗauke da dukkan haruffa masu ƙugiya, manya da ƙanana, da jumla biyar masu alamun karin sauti da tsawon wasali, da layi biyu na ajami a tsakiyar boko. A haɗa da muryar minti uku da tambayar cike gurbi guda goma waɗanda amsoshinsu ke da ƙugiya. A ɗora su a dandalin da ake tallatawa. Sannan a ba ɗalibai biyar, ba ma'aikatan kamfanin ba, su buɗe da wayoyinsu da datarsu, a ɗakin kwanansu, su amsa tambayoyin, su naɗi murya su mayar. A nemi kalmar ƙasa a akwatin bincike a ga ko zai kawo ta, ko zai haɗa ta da kasa. Daga ƙarshe a fitar da komai daga dandalin a buɗe a wata kwamfutar da ba ta da intanet. A rubuta sakamakon kowane mataki, shugaban sashe ya sa hannu, a liƙa takardar a gaban jadawalin maki kafin fayil ɗin ya wuce ofishin sayayya.